Tsangwamar masu ƙiba

Tsangwamar masu ƙiba ita ce a raina mutum, ko a ƙyamace shi, ko a hana shi wani haƙƙi nasa dan kawai jikinsa babba ne. Ana masa kallon malalaci mai ciki zani wanda ya kasa kame bakinsa, daga nan kuma sai abin ya bi shi makaranta da gun aiki da asibiti, har cikin gidansu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ana raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita, a sake raba abin da aka samu da tsayin, in lissafin ya kai 25 nauyi ya yi yawa, in ya kai 30 to ƙiba ce. A shekarar 2022 masu ƙiba a duniya sun haura biliyan 1.

Bincike kan wannan abu ya daɗe. A 1961 a Amurka Stephen Richardson da abokan aikinsa suka nuna wa yara zanen wasu yara 6, akwai mai lafiya lau, akwai mai sandar guragu, akwai na kan keken guragu, akwai mai ƙiba, aka ce su jera wanda suka fi so. Mai ƙiba aka bari a ƙarshe. A 2003 Latner da Stunkard suka maimaita gwajin, sai suka tarar ƙin ma ƙaruwa ya yi. Wanda suka fi suna a fagen nan su ne Rebecca Puhl da Kelly Brownell, da suka yi aiki tare a cibiyar Rudd mai bincike kan abinci da ƙiba, wadda ta faro a jami'ar Yale, kuma wani bincikensu na 2008 ya gano masu cewa an nuna musu wariya saboda nauyi a Amurka sun tashi daga kashi 7 zuwa kashi 12 cikin 100 a kusan shekara 10.

Na asibiti shi ne ya fi ciwo. A 2003 an tambayi likitoci 620 a Amurka, sama da rabi suka ce suna ganin majinyaci mai ƙiba a matsayin mara kyan gani kuma mara bin umarni. To mutum ya zo da ciwon gwiwa ko haki ko ciwon ciki sai a ce masa je ka rage ƙiba, ba a tsaya an duba shi sosai ba, shi kuma gobe ba zai dawo ba sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Mutane da yawa na ganin gori magani ne, wai in ka ci wa mutum fuska zai ji haushi ya rage. Binciken Angelina Sutin da Antonio Terracciano na 2013 ya nuna akasin haka, sun bi dubban manya tsawon shekara 4, wanda ake tsangwama sun fi saura shiga ƙiba da kusan ninki biyu da rabi. Dalilin a fili yake wallahi, damuwa na tada sinadarin kotisol a jiki, shi kuma yana ƙara son ci yana tara kitse a ciki, ga wanda aka yi wa dariya yana tafiyar motsa jiki ba zai sake fita ba, sai ya kulle kansa a ɗaki. Ita ƙibar ma ba ci kaɗai ke kawo ta ba, akwai gado, akwai haihuwa, akwai wasu magunguna, akwai rashin barci, akwai talaucin da ke sa mutum ya rayu kan shinkafa da taliya da lemon kwalba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana ta a matsayin cuta a 2013, sannan ranar 4 ga Maris 2020 masana daga ƙasashe da dama suka fitar da sanarwa a mujallar Nature Medicine ta neman a daina wannan tsangwama. Ta ɓangaren doka jihar Michigan ta haramta wariyar nauyi tun 1976, birnin New York ya bi sahu a 2023.

A Kano abin baki biyu gare shi. Amarya in ta murje sai ka ji ana aure ya karɓe ta, namiji in ya ajiye tumbi ai kuɗi sun zauna, siririya kuma a dame ta da ko ba ya ba ki abinci ne, har 'yan mata su dinga shan ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe wanda illarsu ba kaɗan ba ce. Amma da jikin ya wuce inda ake so sai baki ya juya, ita ce lukuta, ita ce giwa, ita ce buhu. Ta tare adaidaita sahu ya wuce ta, ko ya ce Hajiya sai dai ki biya kuɗin mutum biyu, a gaban kowa. Tela ya yi tsegumin yadi. Dangin miji su fara ƙus-ƙus wai kitse ne ya toshe mata mahaifa, ba wanda ya ce a je a gwada mijin. Yaro a Islamiyya a laƙa masa sunan da zai bi shi har girma, alhali a Suratul Hujurat aya ta 11 an hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma aya ce da ake karantawa a wannan ajin. Yanzu ga Facebook da TikTok cike da masu tallan shayin rage tumbi, da hoton da da na yanzu. A 2011 Alexandra Brewis da tawagarta sun gano ƙyamar ƙiba ta yaɗu har ƙasashen da a da ake yabon ta.

Yawancin alƙaluman nan daga Amurka da Turai suke, dan haka ba daidai ba ne a ɗauko su a ɗora wa Kano kai tsaye, inda a gida ɗaya za ka samu wata na shan maganin ƙara jiki, yayarta kuma na shan na ragewa.