Bambancin jinsi a ɓerayen binciken otizim

Ɓerayen binciken otizim ɓeraye ne da ake sauya musu wata ƙwayar gado a ɗakin gwaji, don su ɗauki irin sauyin da aka samu a jikin masu wannan lalura, wadda wasu ke kira galahanga. A cikin mutane an fi gano ta a maza, kusan huɗu ga mace ɗaya, kodayake wani nazari na 2017 ya ce abin ya fi kusa da uku. Tun 1943, cikin yara 11 da likita Leo Kanner ya fara bayyana lalurar a jikinsu a Amurka, 8 maza ne.

Tarihi

An samar da ɓera maras ƙwayar Fmr1 a 1994, aikin masana daga Holan da Beljiyam. Na Nlgn3 ya biyo a 2007, na Shank3 kuma wajen 2011, wanda ke lasar jikinsa har ya yi rauni. Shekara da shekaru maza kawai ake gwadawa, bisa zaton cewa juyin sinadaran jikin mace zai dagula sakamako. Amma wani nazari na 2014 ya nuna matan ba su fi mazan sauye-sauye ba.

Inda wannan ɗabi'a ta gwada maza kawai ta fi yin illa shi ne cutar Rett, wata lalurar ƙwaƙwalwa mai wasu alamu irin na otizim. 'Yan mata take kamawa kusan duka, kuma ɗakin binciken Huda Zoghbi ne ya danganta ta a 1999 da ƙwayar MECP2, wadda ke kan kuromosom X. Amma da aka samar da ɓerayenta a 2001, sai aka fi karkata ga maza, domin kuromosom X ɗaya gare su: alamu na bayyana cikin makonni kaɗan, su mutu da wuri. Macen kuwa tana da X na biyu mai lafiya, sai ta yi watanni kafin ta nuna komai, alhali ita ce ta fi kama da mara lafiyar. A 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa masu neman tallafinta la'akari da jinsi.

Sakamako

A 2018 masana a Koriya ta Kudu sun ga 'ya'yan ɓeraye maza masu sauyin ƙwayar Chd8 suna yawan kiran uwa idan an raba su da ita, matan kuwa lafiya lau. A ɓerayen da aka cire musu sashen kuromosom mai suna 16p11.2 ma maza ne suka sha wuyar koyon aikin da ake ba su lada a kai.

Saɓani

Game da dalilin wannan bambanci, wasu na ganin jikin mace na da kariya daga illar waɗannan sauye-sauye. Wasu kuma na cewa gwaje-gwajen ne aka tsara bisa halin namiji.