Waiwaye: Wa ke riƙe da asibitin sha-ka-tafi?

A yawancin ƙananan asibitocin karkarar Arewa, abin da ya fi komai lafiya shi ne firijin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana. Rufi na yoyo, famfo ya ƙafe, ungozoma na karɓar haihuwa da fitilar waya, amma firijin na nan garau, da tambarin masu ba da tallafi a jikinsa. Yadda aka kai ga haka yana da tarihi.

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka yi alƙawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya zama ministan lafiya a 1985, ya ɗauki maganar da gaske, ya fara gwajin tsarin kiwon lafiya a matakin farko a ƙananan hukumomi 52. Sai dai a lokacin ne tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira. Shirin Bamako na 1987 ya kawo dabarar a sayar da magani da rahusa, a juya kuɗin a sayo wani. A wurare da dama kuɗin bai juyo ba.

Manyan kuɗaɗe sun zo ne daga baya: ƙungiyar samar da allurar rigakafi ta Gavi a 2000, asusun Global Fund a 2002, shirin PEPFAR na Amurka a 2003. Sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma kowane kuɗi da cutar da aka ɗaura masa: wannan na ƙanjamau, wancan na zazzaɓin cizon sauro, ga na shan inna. Asibitin kansa, da ruwansa da wutarsa da ma'aikacinsa, ba ya cikin lissafin kowa. Shi ya sa iyaye suka riƙa tambayar masu ɗigon shan inna: me ya sa kuke biyo mu har gida kyauta, amma in yaro na zazzaɓi sai mun sayi magani? Tambayar tana kan hanya, kuma ta daɗe ba a amsa ta ba.

Laifin bai tsaya ga baƙi ba. A Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka amince su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, Najeriya kuwa ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi.

Da Trump ya dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, aka kuma rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓin. Gyaran rufi da albashin ungozoma kuwa suna nan inda suke tun farko, a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi.