Gwajin iska, ruwa da zafi a cikin kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa duba kundin binciken ɗaliban injiniyanci zai ga wasu hotuna masu launi, ja a gefe guda, shuɗi a ɗaya gefen, da ƙananan kibau suna nuna inda iska ta nufa. Injiniyoyi na kiran wannan fanni CFD a taƙaice, wato lissafa gudun ruwa da iska da tafiyar zafi da kwamfuta. A gari irin Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, fannin ya shafe mu kai tsaye.

Shin waɗannan hotuna zane ne, ko lissafi?

Lissafi ne. Launin daga ƙarshe ake shafa shi don ido ya gane. Dokoki uku ne a ƙarƙashinsa: ruwa ko iska ba ya ɓacewa haka kawai, saurinsa ba ya canzawa sai wani ƙarfi ya tura shi ko ya riƙe shi, kuma zafin da ya bar wani wuri dole ya isa wani wurin. Bafaranshe Claude-Louis Navier ya rubuta ƙa'idar gudun ruwa a 1822, George Stokes ya kammala ta a Ingila a 1845, shi ya sa take ɗauke da sunansu su biyu. A 1822 ɗin dai Joseph Fourier ya fitar da ƙa'idar tafiyar zafi a cikin abu.

Matsalar ita ce ƙa'idar Navier da Stokes ba ta warwaruwa da biro da takarda sai a yanayi kaɗan masu sauƙi, kamar ruwa mai tafiya a natse cikin miƙaƙƙen bututu. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa ta cikin manyan matsaloli bakwai, ta ware dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware tambayar da ke kanta. Injiniya ba zai zauna jiran wannan ba, sai ya nemi amsar da ta yi kusa da gaskiya.

To ta yaya kwamfuta ke samo amsar?

Tana yayyanka wurin ƙanana-ƙanana. Mai noman albasa a fadamar Kwalkwalawa ya san aikin: ya raba gonarsa fangali-fangali, ruwa ya shiga wannan ta kafa guda, ya fita zuwa na gaba ta wata kafar, abin da ya rage a ciki shi ne bambancin abin da ya shiga da abin da ya fita. Haka ake raba ɗaki, ko bututu, ko kogi zuwa ƙananan gidaje da ake kira raga. A kowane gida kwamfuta na ƙidaya iskar da ta shiga da wadda ta fita, da zafin da ya shiga da wanda ya fita. Amsar kowane gida ta dogara da ta maƙwabtansa, don haka sai ta fara da kintace, ta gyara, ta sake gyarawa sau ɗaruruwa ko dubbai, har lambobin su daina motsi.

Ƙanƙanta gidajen na ƙara ingancin amsa, amma da tsada. Idan ka raba tsawon kowane gida biyu ta tsaye da kwance da zurfi, yawan gidajen ya ninka sau takwas. Idan kuma abin da kake bi yana canzawa da lokaci, sau da yawa dole ka rage tazarar lokacin ita ma, aikin ya zama ninki 16.

Tun yaushe aka fara wannan?

Tun kafin a ƙera kwamfuta. Baturen Ingila Lewis Fry Richardson ya gwada lissafa yanayin sama na sa'o'i shida da hannu, ya shafe kusan mako shida, amsar kuma ta fito ba daidai ba. Duk da haka ya wallafa hanyar a 1922, har ya kiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya cim ma yanayin duniya. Sai a 1950 na'urar ENIAC ta yi hasashen yanayi na farko da ya yi ma'ana. A 1972 Suhas Patankar da Brian Spalding na Kwalejin Imperial da ke Landan suka fito da dabarar haɗa matsi da sauri da ake kira SIMPLE, wadda har yau tana cikin manhajojin da ɗalibanmu ke buɗewa.

Me ya sa ake cewa hargitsin ruwa ne babban ciwon kai?

A 1883 Osborne Reynolds ya zuba rini a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi a Manchesta. Da ruwan na tafiya a hankali, rinin ya miƙe siriri. Da ya ƙara sauri, sai ya tarwatse ya gauraye. Ya gano cewa lamba ɗaya ce ke nuna lokacin da hakan zai faru, wadda ta haɗa sauri da faɗin bututu da kaurin ruwan, ana kiranta lambar Reynolds. A bututu, idan lambar ta haura kimanin 2,300, natsuwa ta fara ƙarewa. Ruwan famfo mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa cikin bututu mai faɗin santimita 2.5 yana da kusan 25,000. Ke nan kusan duk gudun da muke hulɗa da shi a hargitse yake.

Cikin hargitsi akwai juyi manya da ƙanana da ƙananan ƙanana. In ana son kama su duka, duk lokacin da lambar Reynolds ta ninka goma, gidajen ragar sai sun ninka kusan sau 180. Babu injiniyan da ke da wannan halin a aikin yau da kullum. Sai a lissafa matsakaicin gudu, a ƙiyasta tasirin ƙananan juyin da wani tsari, mafi shahara shi ne wanda Launder da Spalding suka daidaita a 1974. Ƙiyasi ne, kuma yakan yi rauni inda iska ke rabuwa da bango ko take juyawa da ƙarfi. Ɗalibai da yawa na danna shi ne kawai saboda shi suka ga kowa na dannawa.

Ina amfaninsa a nan Sakkwato?

Ɗauki na'urar busar da tumatir da tattasai da hasken rana, irin aikin da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana yi. Rana na dumama baƙin faranti, farantin ya dumama iskar da ke shafarsa, iskar ta yi sauƙi ta tashi ta ratsa tire-tiren kayan ta fita ta bututun sama ɗauke da danshi. Idan ƙofar shigar iska ta yi faɗi da yawa, iskar ba ta yin zafi. Idan ta yi ƙanƙanta, danshi ya tsaya a ciki kaya su yi fumfuna. Akan samu lungu da iska ba ta kaiwa sam, tire na ƙasa ya bushe na sama yana jiƙe. Maimakon a kai wa mai walda a yi guda goma ana gwadawa, sai a gwada goman a kwamfuta, a ƙera biyu mafi kyau.

Haka batun rumbun ajiyar albasa, inda rashin zagayawar iska ke jawo ruɓa. Haka ɗakin kwano da silin da tagogi, da kwatanta shi da ginin ƙasa mai kaurin bango wanda ke jinkirta shigar zafin rana zuwa dare. Farantin sola ma na rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri ɗaya sama da 25, don haka tazarar da aka bari tsakaninsa da rufi domin iska ta bi ƙarƙashinsa ba ƙaramin abu ba ce. A manyan ayyuka akwai murhun siminti irin na Kalambaina, inda ake ƙona kayan haɗi a kusan digiri 1,450, da kuma lissafin inda ruwan Rima zai malala idan aka saki madatsar Goronyo. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Za a iya yarda da abin da kwamfuta ta nuna?

Sai an gwada shi da awo na zahiri. Manhaja ba ta san Sakkwato ba, abin da ka ba ta take tauna. Misali, nauyin iska da manhajar Fluent ke zuwa da shi kilogiram 1.225 ne a kowace kubik mita, wato iskar digiri 15. A digiri 45 nauyin ya sauka zuwa kusan 1.11. Wanda bai canza wannan ba ya fara da kuskuren kusan kashi goma tun kafin lissafi, kuma in ya bar nauyin a tsaye bai ba shi damar canzawa da zafi ba, iskar na'urarsa ba za ta tashi ba ma. Ga ƙurar hunturu da ke rage hasken da ke ratsa gilashi, ga danshin Agusta da ya sha bamban da bushewar Maris.

Gwaji biyu ne bai kamata malami ya sa hannu a kundi ba tare da su ba. Na farko, a maimaita lissafin da raga mai ƙananan gidaje, a ga ko amsar ta canza. In ta canza sosai, ragar farko ba ta isa ba. Na biyu, a ɗauki ma'aunin zafi a saka a wurare uku ko huɗu cikin na'urar gaske, a kwatanta. A ganina kundi mai jadawali ɗaya na irin wannan kwatanci ya fi mai hotuna ashirin masu ƙyalli daraja.

Ɗalibin da ba shi da babbar kwamfuta fa?

Zai iya farawa. Lasisin manhajojin Fluent da COMSOL na da tsada, amma OpenFOAM kyauta ce tun 2004, sai dai tana son haƙuri da sabawa da Linux, kuma ANSYS, kamfanin da ke yin Fluent, na da sigar ɗalibai mai iyakantaccen yawan gidaje. Laftof na yau da kullum na iya ɗaukar matsala mai tsawo da faɗi kawai, ba zurfi. A fara da ruwa a miƙaƙƙen bututu, wanda amsarsa ke cikin littafin aji, a tabbatar kwamfuta ta fitar da ita kafin a taɓa na'urar busar da kaya. A kuma saita manhajar ta riƙa adana aiki lokaci-lokaci, domin in wuta ta ɗauke batir ya mutu a tsakiyar lissafin awa goma, daga farko za a koma.