Waiwaye: Gwajin sankarar hanji, daga New York zuwa kasuwar ƙauye

A farkon shekarun 1970, likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya yi ta nanata cewa sankarar babban hanji ba ta cika kama mutanen karkarar Afirka ba, yana danganta hakan da abincinsu mai dusa. Duk wanda ya tashi da tuwon dawa da ɗanwake da kwaɗon zogale zai ji daɗin maganar. Illarta ita ce an daɗe ana kallon cutar a matsayin ta Turawa.

Can kuwa bincike bai tsaya ba. A 1969, a birnin New York, likitoci William Wolff da Hiromi Shinya suka fara zura bututu mai fitila ta dubura su leƙa hanjin, su kuma tsinke ƙananan tsiron da ke jikinsa. Nan ne gaɓar: yawancin wannan sankara daga irin wannan tsiro take farawa, kuma yakan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. A 1993 wani babban bincike a jihar Minnesota ya nuna cewa gwada bayan gida duk shekara don gano ɓoyayyen jini ya rage mace-macen da wannan sankara ke jawowa da kusan kashi 33 cikin ɗari. Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021.

Mu fa? Najeriya ba ta da shirin da ke kiran duk wanda ya kai shekaru ya zo gwaji. A ƙauyukan Ringim ko Sumaila, magidanci ya ga jini a bayan gida, sunansa basir, maganinsa kuma na wurin mai lasifika ranar kasuwa, a ƙulle cikin leda. Wata da watanni ana jiƙawa ana sha, ga rama, ga kumburin ciki, ga kunyar faɗa wa iyali. Sai abu ya ci tura a ɗauki mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Gwajin bayan gida shi ya fi dacewa da ƙauye, don ba ya buƙatar babbar na'ura. Amma a yankunan noman rani irin su Kadawa da Haɗeja, tsutsar ciki ma kan sa jini ya fito a gwajin, kuma duk wanda aka ga jini a nasa dole a leƙa hanjinsa. Na'urar leƙen da masu sarrafa ta suna birni, kuɗin mota da na aikin kuma daga aljihun mara lafiya suke fita.