Finafinan Ayislan na Zamani da Ra'ayoyin da Ake Yi a Kansu

Finafinan Ayislan na zamani su ne waɗanda ake shiryawa a wannan tsibiri na arewacin Tekun Atlantika, galibi cikin harshen ƙasar, tun daga wajen shekarar 2000 zuwa yau. Mutanen ƙasar ba su kai dubu 400 ba, don haka da wuya fim ya mayar da kuɗinsa daga 'yan kallon gida kaɗai. Yawancin muhawarar da ake yi kan finafinan daga nan ta samo asali: wa ake yi wa fim, ɗan ƙasa ko alƙalan bukukuwan finafinai na Turai?

Asali

Harkar ta kankama ne bayan gwamnati ta kafa asusun tallafa wa fim a ƙarshen shekarun 1970, kuma ana ɗaukar fim ɗin Land og synir na 1980 a matsayin mabuɗinta. Börn náttúrunnar na Friðrik Þór Friðriksson, labarin wasu tsofaffi biyu da suka tsere daga gidan kula da tsofaffi suka nufi ƙauyen ƙuruciyarsu, ya shiga takarar ƙarshe ta Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje a 1992. A 2003 aka kafa Cibiyar Finafinai ta Ayislan, wadda ke raba tallafin a yau.

Abin da ake yabawa

Shekarar 2015 ce ta fi fito da sunan ƙasar. Hrútar na Grímur Hákonarson ya ci kyautar wani babban rukuni a bikin Cannes na Faransa, Þrestir na Rúnar Rúnarsson ya ɗauki babbar kyautar bikin San Sebastián a Sifaniya, Fúsi na Dagur Kári kuma ya samu kyautar fim ta Majalisar ƙasashen arewacin Turai.

Hrútar ya fi kowanne nuna halin waɗannan finafinai. Wa da ƙani ne, makiyayan tumaki, gidajensu na kallon juna, amma shekara 40 ba sa ga maciji. In saƙo ya zama dole, kare ake bai wa takarda ya kai. Sai cuta ta ɓulla a kwarin, hukuma ta ce a hallaka garkunan gaba ɗaya. Duk wanda ya san abin da dabba take ga makiyayi ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ya biyo baya. Masu sharhi suna yaba ƙarancin surutu, da barkwancin da ake yi fuska a murtuke, da yadda sanyi da iska suke shiga labarin kamar su ma 'yan wasa ne. Hlynur Pálmason ya kai wannan salo nesa a Volaða land na 2022, inda wani limamin coci ɗan Denmak yake ratsa tsibirin a ƙarni na 19, ƙasar tana cinye shi kaɗan-kaɗan.

Abin da ake kushewa

Sukar da aka fi ji ita ce an cika maimaita hoto guda: dattijo shiru-shiru, tumaki ko dawakai, dutse da ƙanƙara, alhali kusan kashi biyu cikin uku na jama'ar a Reykjavik, babban birnin ƙasar, da kewayenta suke zaune. Masu wannan ra'ayi suna ganin ana sayar wa baƙi Ayislan ɗin da suke son gani ne. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta yi wa wasu finafinan rashin adalci. Kona fer í stríð na Benedikt Erlingsson, 2018, ya yi amfani da tsaunukan ne wajen labarin wata malamar waƙa da ke lalata layukan lantarkin masana'antar alminiyom. A shekarar kuma Ísold Uggadóttir ta ci kyautar ba da umarni a bikin finafinai na Sundance a Amurka da fim ɗinta Andið eðlilega, kan wata mai neman mafaka daga Gini Bisau da wata ma'aikaciyar filin jirgin Keflavík da talauci ya dama. Ƙorafin cewa mata masu ba da umarni sun yi ƙaranci ya fi waccan sukar tushe.

'Yan kallon gida kuwa sau da yawa barkwanci da labarin 'yan sanda suka fi cika wa silima. Leynilögga na 2021 misali ne. Wanda ya ba da umarninsa shi ne Hannes Halldórsson, golan Ayislan da ya tare fanaretin Messi a gasar cin kofin duniya ta 2018, wanda kuma Ahmed Musa ya zura wa ƙwallo biyu kwana shida bayan nan.

Batun kuɗi

Nan ne gardamar ta fi zafi. Gwamnati tana mayar wa masu shirya fim kashi 25 cikin ɗari na abin da suka kashe a ƙasar, kuma daga 2022 manyan ayyuka suna samun kashi 35. Wannan ya jawo kamfanonin Amurka, ya kuma samar wa ma'aikata aiki a wurare irin su RVK Studios na mai ba da umarni Baltasar Kormákur. Masu shirya fim cikin harshen gida suna kokawa cewa asusunsu ya ragu a daidai lokacin da kuɗin da ake mayar wa manyan ayyuka yake ƙaruwa, kuma ƙwararrun da suka saba ɗauka sun yi musu tsada.