Ayyukan da Ba a Saba Gani Ba a Maƙerar Fari: Tambayoyi da Amsoshi Daga Zariya

Me ya raba maƙerin fari da mai shagon gwal?

Mai shago saya yake yi ya sayar. Maƙerin fari kuwa shi ke narka zinariya da azurfa da tagulla, ya fitar da abin da ka zo da shi a ranka. Ana kiransa haka ne don a bambanta shi da maƙerin baƙi, mai fartanya da gatari.

Ban da zobe da ɗan kunne, me ake kawo masa?

Idan Sallah ta gabato, mahayan Zazzau kan kawo kuben takobi ko linzami a yi musu ado kafin hawa. Akwai masu son gidan laya na azurfa, da tandun kwalli, da kan sanda. Matashi daga Samaru kan zo a rubuta sunan amaryarsa da ajami a cikin zobe. Wanda ya fi wuya shi ne mace ta kawo ɗan kunne ɗaya ta ce, "Malam, ɗan'uwansa ya faɗi a gidan biki, a yi mini irinsa sak."

To, yaya ake yin irinsa?

Idan zubi ne, sai a siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a bar 'yar kafa. In ya bushe a gasa, kakin ya tsiyaye ya bar gurbinsa, a kwarara narkakken ƙarfe. Zinariya tsantsa sai zafi ya kai digiri 1,064 a ma'aunin Celsius take narkewa, azurfa 962. Bayan ya huce a fasa yumɓun, a bi da magagari. Kowane zubi da nasa kakin, shi ya sa ladan aikin ke da tsada, kuma ya cancanta.

Ana iya narka gwal ɗin gado?

Ana yi, kuma wannan aikin ya fi kowanne taɓa zuciyata. Uwa ta rasu ta bar munduwa ɗaya, rabon gado ya sa ta faɗo wa 'ya'yanta mata. Maimakon a kai kasuwa, sai su sa a fitar musu da zobba, kowacce ta riƙe wani abu na mahaifiyarta. Amma Hajiya, a ɗora a sikeli a gabanki, a rubuta giram nawa ne, a sake aunawa ranar karɓa. Raguwa kaɗan dole ce, don akwai abin da magagari ke ci, sai dai a yi maganarta tun farko. Kada kuma a gauraya kayan barkatai: karat 22 zinariyarsa kashi 91.6 ce cikin ɗari, 21 kashi 87.5, 18 kuwa 75. In an haɗa su tukunya ɗaya, mai kyan ya yi asara.

Tsofaffin kuɗi fa?

Dalar Maria Theresa, tsohon kuɗin azurfa na ƙasar Austriya mai ɗauke da shekarar 1780, ta daɗe tana yawo a ƙasar Hausa, kuma maƙera sun narka da yawa. Ni dai ina roƙon duk mai ita ya sa a yi mata mariƙi ta zama abin wuya, kada ta shiga wuta. Kuɗin Naira kuma ba a taɓa su, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana lalata su.

Akwai aikin da maƙeri ke ƙi?

Akwai. Mai kiyaye addini ba zai yi wa namiji Musulmi zoben zinariya ba, zai ce masa, "Alhaji, a yi na azurfa." Haka cokali ko kofin zinariya da azurfa, tunda an hana ci da sha a cikinsu. Haƙorin Makka ma, ko ya iya ƙera shi, aunawa da sanyawa aikin likitan haƙori ne. Gwal ɗin da ba a san asalinsa ba kuwa, wanda yaro ya shigo da shi yana waige-waige, mai hankali ko sikeli ba zai ɗora shi ba.