Kumburi da Warkewa Bayan Cire Haƙorin Hankali

Haƙorin hankali shi ne turmi na ƙarshe a can ƙuryar baki. Guda huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, su ne ke cike haƙoran babban mutum su kai 32, kuma galibi suna fitowa ne tsakanin shekara 17 zuwa 25. Da yake su ne na ƙarshen zuwa, sau da yawa ba sa samun wuri, sai su karkace ko su maƙale cikin ƙashi. Cire irin wannan haƙori ƙaramar tiyata ce: a tsaga dasashi, wani lokaci a ɗan kankare ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, sannan a ɗinke. Shi ya sa jinyarsa ta fi ta sauran haƙora tsawo, musamman na muƙamuƙin ƙasa.

Yadda kumburin yake tafiya

Ranar da aka yi aikin kumatu ba sa nuna komai sosai. Kashegari suke tashi, kumburin ya kai maƙura tsakanin awa 48 zuwa 72, daga nan ya soma saɓewa, zuwa kwana bakwai yawancinsa ya tafi. Wanda bai san haka ba yakan firgita a rana ta uku, alhali abin yana tafiya ne yadda ya kamata. Tare da kumburin akan ji muƙamuƙi ya riƙe, baki ba ya buɗuwa sosai, fatar kunci kuma na iya yin duhu-duhu saboda jinin da ya kwanta.

A kwana biyun farko sanyi ne magani. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta, ko fiyawata da ya daskare, a ɗora a kunci minti 20, a sauke minti 20. Ba a ɗora ƙanƙara a kan fata tsirara, domin fuskar da allura ta kashe ba ta jin lokacin da sanyi ya fara yi mata lahani. Bayan awa 48 sanyi ya gama amfaninsa, sai a koma gashi da tawul mai ɗumi, ana buɗe baki ana rufewa a hankali don muƙamuƙi ya saki. A kwanta da filo biyu, kai ya fi ƙirji tudu. Aikin ƙarfi da yawan sunkuyo suna ƙara zogi da tsattsafar jini, a ajiye su na kwana biyu ko uku.

Gudan jinin da ke cikin gurbi

Jinin da ya daskare a ramin da haƙori ya bari shi ne murfin ƙashi da jijiya, a kansa ne sabon nama yake tsirowa. Yawancin dokokin jinya don kare shi aka kafa su. Ana cije audugar da likita ya sa na minti 30 zuwa 45, ba surutu, ba leƙawa. Idan jini bai tsaya ba a sa sabuwa, ko a jiƙa ƙunshin ganyen shayi a cije, domin akwai sinadarin tanin a cikinsa mai taimaka wa jini daskarewa. Miyau mai ɗan ja a ranar farko ba abin damuwa ba ne.

Cikin awa 24 na farko ba a kurkure baki, ba a tofar da miyau da ƙarfi, ba a zuƙar abu da tsinken shan lemo. Mai alwala ya ɗan sa ruwa a baki ya bari ya zubo da kansa, ko ya bar kurkurar ranar nan, tunda a mazhabar Malikiyya sunna ce. Taba da shisha kuwa a ƙaurace musu aƙalla kwana uku. Mako guda ya fi.

Daga rana ta biyu a narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a guntsa a karkata kai hagu da dama, sau uku ko huɗu a yini, musamman bayan cin abinci. Ana goge sauran haƙora, amma buroshi ko asuwaki kada ya taɓa ɗinkin.

In gudan jinin ya fita ko ya narke da wuri, ƙashi ya rage a buɗe. Wannan shi ne busasshen gurbi. Alamarsa ba ta ɓuya: ciwon da ya fara sauƙi sai ya dawo da ƙarfi a rana ta uku zuwa ta biyar, yana harbawa har kunne, ga warin baki, ramin kuma wayam. Ya fi kama masu shan taba, mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da waɗanda aka cire wa na ƙasa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai. Likitan haƙori ne zai wanke ramin ya cusa magani, wanda galibi yana da man kanumfari a ciki, nan da nan zogin ya lafa.

Abinci da magani

Kunu ko koko da ya huce, nono, yogot, ayaba, ƙwai, faten dankali da tuwo mai laushi sun isa kwanakin farko, a tauna ta ɗaya gefen. Gyaɗa, aya, goro, rake, kilishi, tsire da yaji su jira mako guda ko fiye. Ƙwayar shinkafa ma takan faɗa ramin ta maƙale. Ruwan gishiri ke fitar da ita, ba tsinken sakace ba.

Ga babban mutum mai lafiya, ana ba da ibuprofen miligiram 400 duk awa shida zuwa takwas bayan an ci abinci, da farasitamol miligiram 1,000 duk awa shida, kada ya wuce 4,000 a yini. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Asfirin yana tsinka jini, ba a shansa don wannan ciwo.

Lokacin komawa asibiti

Kumburin da yake ƙaruwa bayan kwana uku, zazzaɓi mai kai digiri 38, mugunya, ko jinin da ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga, kowanne dalili ne na komawa a ranar. Idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa da wuya, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ba a jira gari ya waye. Mutuwar leɓen ƙasa ko harshe da ta wuce kwana guda tana nuna an taɓa jijiya. Yawanci takan farfaɗo cikin makonni, amma a sanar da likita. Wanda aka cire wa na sama ya guji fyace hanci da ƙarfi, domin saiwar haƙorin tana dab da kogon hanci.

Zaren ɗinki mai narkewa yana ɓacewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, marar narkewa kuma ana cire shi bayan kamar kwana bakwai. Dasashi yana rufe ramin cikin mako uku zuwa huɗu, ƙashin da ke ƙarƙashi kuwa sai ya ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya cike.